Tafarnuwa da Ciwon Sanyi: Jawabi ga 'Yan Zabi Mazauna Birane

 

Mun tashi mun tarar da iyayenmu a Zabi, in ɗayansu ya ji zafin fitsari ko ciwon mara, sai a daka tafarnuwa, a haɗa da lawashi ko jar kanwa, a ba shi ya sha. Ba mu raina wannan ba. Can ƙasar Sin ma akwai wani ganye dangin albasa mai ƙamshin tafarnuwa, wanda masu maganin gargajiyarsu ke ba da irinsa ga mai yawan fitsari. Tun 1944 masana a Amurka suka ware sinadarin alisin, wanda ke fita in an daka tafarnuwa, kuma yana kashe ƙwayoyin cuta a ɗakin gwaji.

To, amma mafitsarar ɗan Adam ba kwalbar gwaji ba ce. Har yau ba a tabbatar cin tafarnuwa na warkar da wannan ciwo ba.

Babbar matsalarmu ita ce sunan nan "sanyi". Shekarun da muka yi muna koyarwa, mun ga yara masu fitsarin jini ana ta ɗirka musu jiƙo, alhali tsargiya ce suka kwaso wajen wanka a rafi da kududdufi, maganinta kuwa ƙwayar firazikwantel. Dattijon da fitsari ke fita masa da ƙyar, sau da yawa ƙarin da ke ƙarƙashin mafitsara ne ya kumbura. Mai juna biyu kuwa, in ƙwayar cutar hanji ta shiga mafitsararta aka yi sakaci, takan hau ƙoda, har ta jawo haihuwar bakwaini. Duk waɗannan "sanyi" muke ce musu, duk kuma gora ɗaya mai lasifika a tasha ke sayar musu.

Abin kunya ne gare mu, ga Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru tun 1962, ga asibitin koyarwa a Shika, a ce iyayenmu mata na fama wata uku ba a taɓa gwada fitsarinsu ba, don nauyin baki.

Saboda haka, ku da ke Kaduna, Abuja da Legas, in an bugo waya daga gida an ce a aiko kuɗin maganin sanyi, ku tambaya: akwai zazzaɓi? Akwai ciwon kwiɓi ko jini? In akwai, a kai ta asibiti ranar, ku haɗa ta da 'yar'uwa mace wadda ba za ta ji nauyinta ba. Tafarnuwa ta zauna a miya. Muna kuma roƙon kwamiti ya ware wani abu daga asusun bana don kuɗin gwaji da na mota.