Hannu ba ya koyo sai da hankali: darasi daga fagen kokowa



Tun da aka fara gasar kokowa ta neman takobin ƙasa a Tawa a 1975, jihar Doso ba ta rasa gwanaye ba, daga Salma Ɗan Rani har zuwa Issaka Issaka. Tambayata ita ce: yaya jiki ke koyon irin wannan gwaninta? Yawancinmu za mu ce da maimaici. Gaskiya ne, amma tsarin maimaicin da kasancewar hankali a cikinsa su ne ke raba gwani da mai wahalar banza.

A 1979, masana biyu a Amurka, Shea da Morgan, sun koya wa mutane salon motsin hannu iri uku. Rukuni ɗaya yana nanata salo guda har ya gama kafin ya koma na gaba, ɗayan kuwa an cakuɗa masa su. A lokacin horon, masu nanatawa ne suka fi kyau. Da aka sake gwada su bayan kwana 10, sai ga masu cakuɗe a gaba. Dalili kuwa, mai nanata abu ɗaya sau ɗaya yake tunani, sauran duk jiki ne ke bi. Wanda aka cakuɗa wa dole ƙwaƙwalwarsa ta sake shirya motsin kowane karo, kuma wannan wahalar ce ke dasa shi.

Ku dubi kokowar kaka a Matankari ko Tibiri. Saurayi yana kama dogo yau, gobe gajere mai ƙarfin ƙugu, jibi mai taɗiya. Babu karon da ya yi kama da na jiya, don haka hankalinsa ba ya barci. Ashe dandalin ƙauye ya daɗe yana aiki da abin da masana suka tabbatar daga baya.

Lokaci ma yana da nasa tsari. A 1978, masana Baddeley da Longman sun bi ma'aikatan gidan waya na Ingila masu koyon buga tafireta. Masu awa ɗaya a rana sun ƙware cikin jimillar awoyi kaɗan fiye da masu awa huɗu a rana. Gajiya ba shaidar koyo ba ce.

Hankali shi kaɗai ma yana aiki. A 1995, masani Pascual-Leone ya nuna cewa waɗanda suka yi kwana 5 suna kaɗa piyano a zuci kawai, sashen ƙwaƙwalwarsu mai sarrafa yatsu ya sauya kusan kamar na masu kaɗawa da hannu, ko da yake na hannun sun fi su iyawa.

Saboda haka ina roƙon mai horar da ƴan kokowa, da tela, da maƙeri, da malamin da ke koya wa yara rubutu a Dogon Dutsi: sabon shiga ku bar shi ya nanata har ya kama hanya, daga nan ku cakuɗa masa aiki. Ku gajarta zama, ku yawaita kwanaki. In ya yi kuskure, kafin ku gyara ku tambaye shi me ya ga ya faru. Za ku ga kamar ci gabansa ya ragu a makon farko. Ku yi haƙuri, ku auna shi da abin da ya iya bayan wata guda.

Allah ya yi wa ƴaƴanmu albarka.