Baƙon ma'aikaci da harshen masu gida: a tilasta ko a koyar?

Jawabin da wakilinmu ya yi a gaban ƴan kasuwa da ma'aikata a garin Dogo.



Tambayar da aka ɗora mini ita ce: shin ya kamata a tilasta wa wanda ya je aiki wata ƙasa ya koyi harshen aikin ƙasar, Ingilishi ne ko waninsa, kafin a ɗauke shi? Wani zai ce gardamar Turawa ce, ina ruwan Dogo da ita. Da ruwanmu ƙwarai. Da an gama girbi an ɗaure dammunan hatsi, samarin ƙauyukan da ke tsakanin nan da Magarya sai su saɓa jaka su tafi cirani, wasu Kano, wasu Legas inda takardun hukuma duk da Ingilishi suke, wasu kuma Libiya da Aljeriya inda sai Larabci. Mu ma muna da baƙi. Tun 2011 matatar mai ta SORAZ ke aiki a arewa da Zinder, ganga 20,000 take iya tacewa a rana, kashi 60 cikin 100 na kamfanin CNPC na ƙasar Sin ne, 40 na Nijar, kuma Sinawa da ƴan ƙasa suna aiki kafaɗa da kafaɗa. Ashe duk hukuncin da muka yanke wa baƙonmu, mun yanke wa ɗanmu da ke waje.

Mu fara da tarihinmu. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ayarin fatake na zuwa Damagaram daga Tarabulus. Larabawa da Buzaye suna sauka, har Zango ya zama gari guda a gefen Birni. Ciniki ne ya sa Hausa a bakinsu, domin wanda bai iya taya kaya ba, a hannun dillali ribarsa take ƙarewa. Gidan sarautar kansa asalinsa na Barebari ne, ga shi yau Hausa yake yi. Ku da kuke sayayya a Sabon Garin Kano kun san Ibo nawa ne ke yi muku ciniki da Hausa tsantsa, ba tare da wani ya yi musu jarrabawa ba.

Da Faransawa suka kama ƙasar a 1899, sai al'amarin ya juye. Baƙo ya zo ya ƙi koyon harshen masu gida, ya sa tafinta tsakaninsa da talaka, ya ce duk mai son aikin albashi ya shiga lakwal. Ni da ke tsaye gabanku ɗan wannan tsarin ne. Da Faransanci na yi jami'a. Saboda haka na san cewa harshe yana iya zama ƙofa da ake kullewa, a riƙe makullin a aljihu.

Yau ƙasashen Turai sun mai da shi sharaɗi a fili. A Ingila, dokar 2016 ta wajabta wa ma'aikacin hukuma da ke hulɗa da jama'a ya iya Ingilishi sosai. A Faransa, dokar shige da fice ta Janairun 2024 ta ɗaura samun takardar zama ta shekaru da cin jarrabawar Faransanci. Masu goyon baya suna cewa wanda bai ji harshe ba, ba ya sanin haƙƙinsa, kuma a nan suna da gaskiya. Na taɓa ganin wani ɗan ƙauyenmu da ya yi gadi wata takwas a kudancin Najeriya, ya dangwala yatsa a takardar da bai san abin da ta ƙunsa ba. Ranar biya aka karanta masa cewa ya yarda a cire kuɗin ɗaki da na abinci. Da kuɗin mota kawai ya dawo.

Amma a lura. Sa'ad da ake buƙatar ƙarfin baƙo, ba a cika tambayarsa takarda ba. Sai tattalin arziki ya karye. Dattawanmu ba su manta da korar baƙi ta Gana a 1969 ba, balle ta Najeriya a 1983, wadda ta dawo mana da ƴan'uwa jingim a bayan manyan motoci. Ranar da aka ƙara jarrabawar Ingilishi a kan takardun, mai tura ruwa da mai yankan farce da mai shayi, waɗanda ko aji ɗaya ba su shiga ba, su za a fara tarawa. Ga shi tun Janairun 2025 Nijar ta fita daga CEDEAO, wadda yarjejeniyarta ta 1979 ta ba ƴan yankin damar zirga-zirga. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ra'ayina kashi uku ne. Na farko, aikin da rai ya rataya a kansa: likita, ungozoma, mai kula da tukunyar matatar mai. Wannan dole ne ya ji harshen mutanen da yake aiki da su, domin in aka ce "rufe!" bai ji ba, ba a jiran tafinta. Sharaɗin ya hau kowa, Basine ne a Damagaram ko ɗan Nijar a asibitin Landan.

Na biyu, wanda ya kafa sharaɗi shi zai ɗauki nauyinsa. Kamfanin da ya kawo ma'aikaci ya ɗauki malami, ya ware sa'o'in karatu cikin lokacin aiki, kuma a rubuta kwangila da harshen da ma'aikacin yake ji, ko a karanta masa ita gaban shaidu. A Maris na 2025 hukumomin Yamai sun kori shugabannin kamfanonin man Sin guda uku, suna kafa hujja da bambancin albashin baƙi da na ƴan ƙasa. In ana duba albashi, a duba har da wane ne ke koyon harshen wane.

Na uku, ɗan cirani mai aikin ƙarfi a bar shi ya ci guminsa. Kasuwa za ta koya masa abin da yake buƙata, kamar yadda ta koya wa baƙin Zango.

Saura namu na gida, ƴan'uwana ma'aikata. Kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. To, ina malaman Ingilishin da za su isa ƙauyukanmu? Kuma tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko da ke koyarwa da Hausa a Zinder, amma manomin rake na Korama in ya shiga ofis yau, da wane harshe ake miƙa masa takarda? Muddin talaka na neman tafinta a garinsu, da wane baki za mu tsawata wa baƙo?

Alhazai, ga roƙona gare ku. Kuna da shaguna da suke rufe da dare. Ku haɗa kuɗi a ɗauki malami ɗaya, ya koya wa samari karatun lamba da alamun hanya da kalmomin kwangila kafin lokacin tafiya ya yi. Wata biyu ba su mai da yaro Bature, amma suna iya hana shi dangwala yatsa a makance.

Inda na yi kuskure a gafarce ni. Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya dawo mana da su lafiya.