Mehboob Khan da littafin bashin Sukhilala

(Jawabin da aka gabatar gaban ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnati a Matamaye)



Dattawan da suka taɓa biyan kuɗin shiga silima a Damagaram ko Maraɗi sun san Mangala, amma kaɗan ne suka san wanda ya shirya fim ɗin. Sunansa Mehboob Khan, Musulmi ne, an haife shi a 1907 a Bilimora ta jihar Gujarat a ƙasar Indiya. Bai yi nisa a karatun zamani ba. Yana saurayi ya gudu zuwa Bombay, ya yi shekaru yana fitowa cikin ƴan cika taro a finafinan kamfanin Imperial, kafin a ba shi ragamar fim nasa na farko a 1935.

Sunan Mangala na ainihi Aan ne, ya fito a 1952. Faransawa suka raɗa masa Mangala, fille des Indes, kuma da wannan suna ya iso ƙasashen da suka mallaka. Dawakai ne da takubba da launi, ga Dilip Kumar yana tashen ƙuruciya.

Wanda ya cancanci a tsaya a kansa shi ne Mother India na 1957. Surukar Radha ta ci bashin rufi 500 wurin Sukhilala domin ta yi wa ɗanta aure, ta dangwala yatsa kan takardar da ba ta iya karantawa ba. Da rigima ta tashi, dattawan ƙauye suka yanke hukunci: kashi uku cikin huɗu na amfanin gona na mai bashi ne, kuma ruwa ne kawai, uwar kuɗi tana nan. Dutse ya danne hannuwan mijin, kunya ta kore shi daga gari. Ambaliya ta zo ta share abin da ya rage. Radha, wadda Nargis ta fito a matsayinta, ta ja garma da kafaɗarta. Ɗanta Birju ya girma da ƙiyayyar Sukhilala, ya shiga fashi, ya kashe shi, ya sace ƴarsa, uwar kuma ta harbe ɗan nata da hannunta.

Ba manomin Kance ko Dungu da yake bukatar tafinta a nan. Wanda ya ci tiyar hatsi bashi da damina, ya biya ninki da kaka, ya san Sukhilala. Wasu daga cikin masu sauraro ma, Allah ya ba su haƙuri, su ne ke riƙe da littafin.

Tasirin Mehboob Khan a ƙasar Hausa ba abin musu ba ne. Tun daga Turmin Danya a 1990, masu shirya finafinan Kano sun ɗauki rawa da waƙa da labarin maza biyu kan mace guda, irin wanda ya tsara a Andaz na 1949. A kan wannan aka yi ta ja-in-ja da malamai, har Kano ta kafa hukumar tace finafinai a 2001. Sai dai an kwashi kwalliyar an bar kayan: da wuya a ga fim ɗin Hausa da ya sa bashin manomi a tsakiyar labari, alhali masu kallo da yawa a cikinsa suke kwana.

Shi ma ba a rasa abin zarginsa ba. Fim ɗin ya buɗe ne da bikin buɗe magudanar ruwan noma, ga taraktoci ga manyan baƙi, wato yabo ga ayyukan gwamnatin Nehru, kamar dai hukuma ta riga ta magance talauci. Amma da aka saki ruwan a ƙarshe, Radha ta gan shi ja kamar jinin Birju. A 1958 Mother India ya shiga jerin masu neman kyautar Oscar, wani fim na Fellini ɗan Italiya ya sha gabansa. Mehboob Khan ya rasu ranar 28 ga Mayu 1964, kwana ɗaya bayan Nehru.