Bargon Gee's Bend: Wa Ya Koya Wa Wa?

 

Akwai shawarar da ta zama ruwan dare a bakin masu koyar da zayyanar yadi: wai mai ɗinka bargon ƙyallaye, in yana so aikinsa ya waye, ya je baje kolin zanen zamani, ya ƙare wa Mondrian da Paul Klee kallo, ya dawo ya kwaikwaya da almakashi da allura. Masu wannan shawara sun karanta tarihi a baibai. Mai zane Sonia Delaunay ta ɗinka wa jaririnta bargon ƙyallaye a Paris a 1911, irin wanda ta gani a gidajen manoman ƙasar haihuwarta, kuma daga nan zanenta ya ɗauki sabuwar hanya.

Hujja mafi ƙarfi tana Gee's Bend, wani ƙauyen baƙar fata a jihar Alabama ta Amurka, wanda kogi ya kusa zagayewa. Mutanen ƙauyen jikokin bayi ne, shi ya sa har yau da yawansu ke amsa sunan Pettway, sunan mai gonar da ya mallaki kakanninsu. A 2002 aka baje bargunan matan ƙauyen a Houston, sannan a gidan zane na Whitney a New York. Mai sharhin jaridar New York Times, Michael Kimmelman, ya jera su da ayyukan Matisse da Klee. Nan da nan malamai suka shiga neman inda matan suka samo salon.

A cikin tsumma suka samo shi. A 1942 Missouri Pettway ta yayyanka kayan aikin gonar mijinta da ya rasu ta haɗa bargo. Dogayen layukan da masana ke yabawa tsawon ƙafar wando ne. Shuɗin da ke sauya haske daga wuri zuwa wuri kuwa aikin rana ne da wanki da gwiwar manomi, inda aka ɓare aljihu kuma sai launin ya fito da duhunsa na asali. A 1972 kamfanin Sears ya ba ƙungiyar mata masu ɗinki ta yankin, Freedom Quilting Bee, kwangilar ɗinka rigunan matashin kai da wani yadi mai kauri mai layi-layi. Mata suka riƙa kwasar ragowar zuwa gida. Yadin ya fi son yanka miƙaƙƙe, don haka bargunan waɗannan shekaru suka fito da manyan sanduna, ja da kore da ruwan zinare. A bargon Annie Mae Young na 1976 an ga duka biyun: tsohon jins a kewaye, ragowar yadin kamfani na ci kamar wuta a tsakiya. Sanyi ne ya sa aka ɗinka su, don gidajen katako ne masu shan iska.

Za a ce ai kallon zane yana buɗe ido wajen haɗa launi. Yana buɗewa. Ba a hana kowa zuwa ba.

Abin ƙi shi ne a mayar da allura 'yar aiken buroshi. Ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane a Zariya a 1958, su Uche Okeke, sun ƙi irin wannan biyayya tun kafin a haifi yawancin ɗaliban yau.

Saboda haka ɗalibi ya fara da buhun ragowar yadi daga shagon tela, ya yi zango guda yana fama da shi, kafin a kai shi gaban kowane zane. In an kai shi baje koli, a sa shi ya juya bargo ya duba bayansa, ya ga tazarar ɗinki da inda zare ya ƙare aka ɗaura wani. Duk bargon da aka rataye kuma, a rubuta sunan mai shi da shekarar ɗinki a gefensa. In an buga hoton aikin a kati ko a yadi, a biya ta kasonta.