Shin Bayanin Ya Isa? Jawabi Kan Tambayoyin "Ya Fi" Da "Bai Kai Ba"



Akwai wani nau'in tambayar lissafi da ke kayar da 'ya'yanmu da ƙannenmu, har da waɗanda suka kammala jami'a da kyakkyawan sakamako. Abin da take nema shi ne ɗalibi ya faɗi ko bayanin da aka ba shi ya isa a yanke hukunci. Ta yi suna ne a jarrabawar GMAT ta Amurka, wadda aka fara a 1954 domin masu neman digiri na biyu a fannin kasuwanci. A nan Nijeriya ma bankuna da kamfanoni sukan kwaikwayi salonta wajen tantance masu neman aiki, don haka abin ya shafi gidajenmu kai-tsaye.

Akan kawo tambaya ɗaya da bayani biyu, sai zaɓi biyar: na farko kaɗai ya isa; na biyu kaɗai ya isa; sai an haɗa su; kowanne ya isa shi kaɗai; ko an haɗa su ba su isa ba.

Ga misali. Shin x ya fi y? Bayani na farko: x sau x ya fi y sau y. Mai gaggawa zai ɗauki 3 da 2, ya ga 9 ya fi 4, ya ce ya isa. To, a gwada -3 da 2. Har yanzu 9 ya fi 4, amma -3 bai kai 2 ba. Tun da an samu "e" a nan, an samu "a'a" a can, bayanin bai isa ba. Bayani na biyu: in an cire y daga x, saura ya fi sifili. Wannan kuwa kowace lamba aka saka amsar "e" ce, saboda haka shi kaɗai ya wadatar. A lura kuma, bayanin da kullum yake ba da "a'a" shi ma ya isa, domin ya raba gardama.

Tarkon a nan zato ne, Bahaushe kuwa ya ce zato zunubi. Ɗalibi yakan ɗauka cewa kowace lamba cikakkiya ce kuma tana sama da sifili. Ya manta rabi sau rabi kwata ne, wato sakamakon ya ragu. Ya manta 2 bai kai 3 ba, amma -2 ya fi -3, kamar yadda wanda ake bi bashin naira 200 ya fi wanda ake bi 300 sauƙin hali. Shi ya sa alamar takan juya idan aka ninka ɓangarorin biyu da lambar da ke ƙasa da sifili. Maganin shi ne a gwada iri huɗu kafin a yarda: babbar lamba, sifili, rabi, da ta ƙasa da sifili.

Wani zai ce ina ruwan malamin firamare da wannan? Ai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A hannunmu yaro yake fara ganin alamar > da <, kuma mu muke shirya shi zuwa jarrabawar shiga kwalejojin tarayya da hukumar NECO ke gudanarwa, mai ɗauke da sashen auna basirar lissafi. Idan muka saba masa da cewa kowace tambaya dole tana da lamba a ƙarshenta, zai girma yana ƙirƙiro amsa inda babu ita.

Shawararmu ita ce, sau ɗaya a mako, a aji 5 da aji 6, mu kawo tambaya irin wannan: rago ya fi akuya tsada, ɗan maraƙi ma ya fi akuya tsada, shin ɗan maraƙin ya fi ragon? Da yawa za su ce e, saboda abin da suka saba gani a kara. Yaron da ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, bayanin bai isa ba," kuma ya kawo farashi biyu masu karo da juna, shi ya kamata aji ya tafa wa. Iyaye ma za su iya yin haka a gida da shekarun yara ko kuɗin cefane.

 Allah Ya ba 'ya'yanmu nasara.