Idan Kwamfuta Ta Sandare, Ina Shaida?



A kowace kwamfuta, da kowace wayar Android da ke aljihunku, akwai wani ɓangare na manhaja da ake kira kanel. Shi ke raba ma'adanar aiki, shi ke magana da faifai da allo. Idan wata manhaja ta lalace, kanel ne ke rubuta abin da ya faru. To idan shi kansa ya faɗi, wa zai rubuta?

Ranar 19 ga Yuli, 2024, sabuntawar kamfanin CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutocin Windows kusan miliyan 8.5, a ƙiyasin Microsoft. Jirage suka kasa tashi, asibitoci suka koma ga takarda. An gano tushen matsalar da wuri, domin na'urorin sun bar shaida, kuma akwai masu karanta ta.

A kanel ɗin Linux, wanda Linus Torvalds ya fara a 1991, akwai hanyar da ake kira kdump. Tun a farkon kunna na'ura ake ware wani yanki na ma'adana, a ajiye kanel na biyu a ciki yana jira. Na farkon na faɗuwa, na biyun ya tashi ya kwashe duk abin da ke ma'adanar zuwa faifai. Dabara ce mai kyau, sai dai yankin da aka ware ya fita daga hannunka, kuma tsofaffin kwamfutocin ɗakunan karatunmu ba su da rarar da za su bayar.

Shi ya sa na fi son ku san pstore, wanda ya shiga Linux a 2011. Layukan ƙarshe kawai yake adanawa, amma ku lura da inda yake ajiye su. Wani nau'insa, ramoops, a ma'adanar wucin gadi yake rubutu: na'ura ta sake tashi, bayanin na nan, aka ɗauke wuta, ya tafi. A gari irin namu na Gadarif, inda wuta ke zuwa yadda ta ga dama, balle tun da yaƙi ya ɓarke a ƙasarmu a Afrilun 2023, wannan ba ƙaramin aibi ba ne. Nau'in da ke rubutu a ma'adanar dindindin ta UEFI da ke cikin jikin na'ura shi ne namu, don ɗaukewar wuta ba ta shafe shi.

A ƙarshen 2024, Linux 6.12 ya zo da lambar QR a kan allon sandarewa, ɗauke da bayanin kuskuren a dunƙule. Ko babu intanet a lokacin, hoto ɗaya da waya ya isa. A tura daga baya.

Abin da ke damuna shi ne ɗabi'armu. Kwamfuta ta tsaya, mu kashe mu kunna, ko mai gyara ya goge komai ya sa sabo. Bakaniken tarakta a gonakin riɗi ba ya taɓa inji sai ya tambayi direba irin ƙarar da ya ji. Masu gyaran Linux su ma haka suke: kuskuren da ba a kai musu rahotonsa ba, ba za su gyara ba, kuma yawancinsu ba sa aiki da irin na'urorinmu, cikin irin zafinmu da ƙurarmu.

Saboda haka, ɗaliban kwamfuta na Jami'ar Gadarif, ku duba ko pstore na aiki a na'urorin ɗakin gwajinku. Idan allo ya sandare, ku ɗauki hoto kafin hannu ya kai ga makunni, ku rubuta samfurin na'urar da lambar kanel ɗin, ku tura wa masu kula da shi.