TSOHUWAR MOTA: RAHUSAR SAYE, TSADAR RIƘO
Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya



An nemi in yi magana a kan abin da ya shafi aljihun jama'a, sai na zaɓi tsohuwar mota, domin a kowace shekara ana samun wanda ya karɓi garatutinsa ko ya sayar da amfanin gonarsa ya saye ta, da niyyar ya huta da jiran mota a tasha ko ya ba direba ta riƙa kawo masa na cefane. Zan ɗauki Golf 3 a matsayin misali, tun da babu tashar da ba a ganin ta.

Kamfanin Volkswagen na Jamus ya fito da ita a 1991, ta zama gwarzuwar motar Turai ta 1992. An daina ƙera ƙaramar a wajajen 1997, doguwar kuma, wadda muke kira wagon, a 1999. Ke nan wadda ta fi ƙuruciya a cikinsu ta haura shekara 25. Ta gama aikinta a Turai, inda gishirin da ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara yake cin ƙarfen gindin mota, sannan ta zo mana da sunan 'yar Beljiyam ko 'yar Kwatano. Mota ce mai juriya, kuma kowane bakanike ya san ta. Amma wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, saboda haka ya kamata mu san inda take zuba.

Babban ciwonta shi ne zafi. Mahaɗan bututun ruwanta na roba ne, tsufa yana tsattsaga su, famfon ruwa yana yoyo, lagireto kuma yana toshewa. Mu ma muna ƙara mata ciwo da hannunmu. Muna ɗura mata ruwan rijiya tsura maimakon ruwan sanyaya inji, sai tsatsa da kanwa su taru a ciki. Idan ta fara zafi, sai bakanike ya cire tamostat ya haɗa fanka kai tsaye, ya ce ƙasarmu ba ta buƙatar sa. Alhali aikin wannan ɗan ƙarfe shi ne ya tsayar da zafin inji a wajajen digiri 90, inda yake ƙona mai daidai. Cire shi yana ɓoye cutar ne kurum, ya kuma ƙara shan mai. Ranar da allura ta hau ja direba ya ce bari ya ƙarasa gari, gasket ya ƙone, kan inji ya lanƙwashe, ruwa ya gauraya da baƙin mai, gyaran 'yan dubbai ya koma na sauke inji.

Na biyu shi ne bel ɗin taimin. Ba ya ciwo kafin ya mutu, tsinkewa yake yi mota ta tsaya cak ko da a tsakiyar daji ne. Lambar tafiyar da ke jikin agogon tsohuwar mota kuwa ba abar dogaro ba ce, domin ana juya ta. Don haka a canja shi a makon da aka saye ta.

Na uku shi ne wuta. Kwayil yana tsagewa, shi ya sa za ka ga mota lafiya lau da rani, da damina ta faɗi sai ta ƙi tashi da safe. Injin ɗaga gilashi da makullan ƙofa su ma ba sa daɗewa.

Na huɗu shi ne ƙafa. An ƙera motar nan ne don mutum biyar, mu kuwa biyu a gaba ban da direba, huɗu a baya, ga buhunan masara a but. Shokazoba da bushin da shaf su ne ke biyan wannan bashi, tare da taya. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu: idan ka ga 2318, an yi ta ne a mako na 23 na shekarar 2018. Tayar kwance da ta tsufa, ga lodi ga zafin kwalta, ita ce ta mayar da mata da dama zawarawa.

Yanzu mu zo ga lissafi, wanda shi ne ainihin saƙona. Kafin 29 ga Mayu 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya sanar da janye tallafin mai, litar fetur ba ta kai Naira 200 a farashin gwamnati ba. A 2024 ta haura Naira 1,000 a gidajen mai da yawa. Mu ƙaddara motarka tana shan lita 9 a kilomita 100. Daga Kano zuwa Kaduna, tafiyar kilomita 230 ko kusa da haka, ta sha kusan lita 21, dawowa ma haka. Inshorar dole ta ƙaramar mota ta tashi daga Naira 5,000 zuwa 15,000 a Janairun 2023, ga sabunta takardu kowace shekara. Kayan gyara kuwa, ko a Ƙofar Ruwa ka saya ko a Panteka, daga waje suke zuwa, duk faɗuwar da Naira ta yi a kansu take sauka. Wanda ya ba direba mota yana ƙirga balas ɗin kowace rana a matsayin riba, bai cire na taya da juye da ranakun zaman gareji ba, uwar kuɗinsa yake ci bai sani ba.

Shawarata ga mai niyya ita ce: kada ya zuba duk abin da ya mallaka a kan saye, ya ware kamar kashi ɗaya cikin huɗu don gyaran farko. Ya je da bakaniken da shi ya ɗauko, ba na dillali ba. A tayar da ita da safe inji yana sanyi, a duba hayaƙi, a buɗe murfin baƙin mai a ga ko ya yi fari kamar koko, a kwanta a leƙa gindinta, a tabbatar lambar bodi ta yi daidai da takardun kwastan. Bayan saye ya buɗe littafi, ya riƙa rubuta kowane kwabo da ta ci da wanda ta kawo. Bayan wata shida littafin zai faɗa masa ko ya riƙe ta ko ya rabu da ita tun tana da daraja.

Ga ɗan fansho musamman ina cewa, garatuti sau ɗaya ake biyan sa. Idan lissafi bai fita a takarda ba, ba zai fita a kan titi ba, kuma da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.